Shin duk abin da ya yi aiki gaskiya ne? Muhawara kan falsafar su Peirce da William James

Zainab: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni ga masu karatun falsafa a cikinmu. Akwai mazhabar da ta taso a Amurka a ƙarshen ƙarni na 19, firagmatizim, wadda ake jingina wa Charles Peirce da William James da John Dewey. Taƙaitawar da nake yawan gani ita ce wai a wajensu gaskiya ita ce duk abin da ya yi maka amfani. Abin ya tsaya mini a rai. In haka ne, maƙaryacin da ƙaryarsa ta fisshe shi ya faɗi gaskiya ke nan? Ba na jin manyan masana irin waɗannan za su ƙarar da rayuwarsu wajen kare wannan magana. To me suke nufi?

Malam Idi: Wa alaikumus salam. Zainab, ai tambayarki ta ƙunshi amsarta. Gaskiya ita ce magana ta dace da yadda abu yake, ko ta yi daɗi ko ba ta yi ba. Tun zamanin Aristotil aka gama wannan: abin da yake akwai ka ce akwai, abin da babu ka ce babu. Likitan da ya gaya wa mutum cewa cutarsa ta yi nisa bai faranta masa rai ba, amma gaskiya ya faɗa. Wanda ya ɓoye masa ya kwantar masa da hankali, kuma ƙarya ya yi. Falsafar da ta kasa raba waɗannan mutum biyu ba ta cancanci a ɓata lokaci a kanta ba.

Malam Lawal: Malam Idi, a yi haƙuri, kada mu yanke hukunci kafin mu ji ta bakin masu maganar. Zainab, waccan taƙaitawar ta zalunce su, musamman Peirce, wanda shi ne tushen abin.

Peirce mutumin awo da gwaji ne. Ilimin sinadarai ya karanta a Harvard, ya kuma yi kusan shekara 30 yana aiki da hukumar auna gaɓar teku ta Amurka, yana auna ƙarfin jan ƙasa. Wajen 1872 shi da James da wasu abokansu suna haɗuwa a garin Kambirij na jihar Massachusetts suna tattaunawa, daga baya ya rubuta tunanin a maƙaloli biyu, a 1877 da 1878.

Bai fara da tambayar mece ce gaskiya ba. Ya fara da wata ta gabanta: idan mutum ya ce ya yarda da abu, me ke nan? Ya ɗauko amsar daga wani malami ɗan Sikotilan, Alexander Bain, cewa yarda ita ce abin da mutum yake shirye ya yi aiki a kansa. Ka ce gada tana da ƙarfi, amma ka ƙi bi ta kanta da 'ya'yanka, to a baki kawai yardar ta tsaya.

Daga nan ya ce in kana son sanin abin da wata magana ta ƙunsa, ka duba abin da za a gani a aikace idan haka take. Ya kawo misalin daimon, dutsen nan mai daraja. An ce yana da tauri. Ka goga ƙarfe a jikinsa, ba zai karce ba. Ka goga shi a gilashi, gilashin ne zai karce. In ka tattara duk irin waɗannan, ka gama faɗin taurinsa, ba sauran wani abu a ɓoye. Saboda haka idan mutum biyu suna musu, kuma ba abin da zai canza a duniya ko wanne ne ya yi daidai, to musun nasu ba a kan komai yake ba.

Zainab: Allah ya gafarta Malam, har yanzu dai wannan hanyar fayyace magana ce. Ina gaskiyar ta shigo?

Malam Lawal: Ta shigo a ƙarshen maƙalar 1878. Ya ce gaskiya ita ce ra'ayin da duk masu bincike za su ƙare a kansa idan aka bi binciken har iyakarsa. Ki lura, bai ce ra'ayin da ya yi wa wane daɗi ba. Misalinsa shi ne saurin haske: wannan ya auna ta hanyar lura da taurari, wancan ta hanyar madubai a ɗakin gwaji, ba su haɗa baki ba, da farko amsoshinsu sun bambanta, amma da kowa ya ƙara gyara aikinsa sai suka riƙa matsowa ga lamba ɗaya. Wani abu ne a waje, wanda ba ruwansa da son ransu, yake jawo su wuri guda. Wannan abin shi Peirce yake kira haƙiƙa.

Injiniya Bello: Wannan ya shige ni, domin haka aikinmu yake. Lissafin Newton na 1687 shi muke gina gada da shi har gobe, da shi aka kai mutum duniyar wata a 1969. Amma Einstein ya nuna a 1915 cewa bayanin Newton kan ƙarfin jan abubuwa bai cika ba. Akwai 'yar karkata a zagayen Makyuri, duniyar da ta fi kusa da rana, wadda lissafin Newton ya kasa warwarewa, na Einstein ya warware ta. Yau agogunan da ke cikin taurarin ɗan Adam na GPS suna wuce na ƙasa da kimanin kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa a kullum. In ba a gyara wannan da lissafin Einstein ba, kuskuren taswirar wayarka zai riƙa ƙaruwa da wajen kilomita 10 kowace rana. To Malam Idi, Newton ƙarya ya yi ko gaskiya? Ni dai amsar da na sani ita ce lissafinsa yana aiki a nan, ba ya aiki a can.

Malam Idi: Injiniya, misalinka nawa ne, ba naka ba. Batlimus na Iskandariyya ya tsara sama a ƙarni na 2 bisa cewa ƙasa tana tsaye, rana ce take zagaya ta. Da tsarinsa aka riƙa lissafa inda taurari za su kasance sama da shekara dubu, har Kofanikus ya zo a 1543 ya ce ƙasa ce take zagaya rana. Ya yi aiki ko bai yi ba? Ya yi. To a duk waɗannan ƙarnoni ƙasa a tsaye take, sai a 1543 ta fara tafiya? Tana zagaya rana tun kafin a haifi Batlimus. Amfanin ra'ayi yana zuwa yana wucewa, yadda abu yake kuma yana nan.

Malam Lawal: Peirce zai yarda da kai ɗari bisa ɗari. A wajensa tsarin Batlimus bai taɓa zama gaskiya ba, domin ba shi ne inda bincike zai ƙare ba. Wanda wannan sukar ta fi kamawa James ne.

James likitanci ya karanta, ya koma nazarin halayyar ɗan Adam, kuma shi ya fito da mazhabar fili a wata lacca a Kalifoniya a 1898, sannan a littafinsa na 1907. Mai zafin alƙalami ne. Ya rubuta cewa gaskiya aukuwa take yi ga ra'ayi, abubuwan da suka faru ne suke mayar da shi gaskiya. Ya kuma yi amfani da kalmomin 'yan kasuwa, yana tambayar nawa ra'ayi zai biya in aka je karɓar kuɗinsa. Nan mutane suka kama shi. Peirce da kansa bai ji daɗin inda aka kai abin ba, har a 1905 ya sauya wa tasa koyarwar suna domin a daina haɗa su.

Amma a yi wa James adalci. Ya ba da labarin wasu abokansa da ya tarar suna musu a wajen shaƙatawa a kan duwatsu. Kurege ya maƙale a jikin bishiya, mutum yana ɗaya gefen yana son ya gan shi. Mutumin ya zagaya, kuregen ma ya zagaya, kullum gindin bishiyar yana tsakaninsu. Mutumin ya zagaye bishiya, ba musu. To ya zagaye kuregen? Rabi sun ce e, rabi sun ce a'a, rai har ya fara ɓaci. James ya ce musu, in kuna nufin ya bi ta arewa da shi, da gabas, da kudu, da yamma, to ya zagaye shi. In kuna nufin ya bi ta gabansa, da damansa, da bayansa, da hagunsa, to bai zagaye shi ba, domin kuregen bai taɓa juya masa baya ba. Musu ya mutu. Irin wannan aikin yake so a yi wa manyan rigingimun falsafa. Kuma ya sha nanata cewa ra'ayi ba ya "aiki" sai ya dace da abin da ido yake gani da sauran abubuwan da aka riga aka tabbatar. Ƙaryar maƙaryacin Zainab ba ta tsallake wannan sharaɗi ba.

Dakta Halima: Na daɗe ina bin ku, bari in sa baki da abin da ya shafi fannina.

A babban asibitin Vienna a shekarun 1840 akwai ɗakunan haihuwa biyu. Ɗaya likitoci da ɗalibansu ne a ciki, ɗayan ungozomomi. Mata suna mutuwa da zazzaɓin bayan haihuwa a ɗakin likitoci fiye da ɗayan nesa ba kusa ba, har mata suna roƙon kada a kai su can. Wani matashin likita, Ignaz Semmelweis, ya lura cewa ɗaliban daga wajen feɗe gawa suke fitowa su shiga duba masu naƙuda, ungozomomi kuwa ba sa taɓa gawa. A 1847 wani abokin aikinsa ya mutu bayan wuƙar feɗe gawa ta yanke shi, da alamu irin na matan nan. Sai ya ajiye ruwan kulorin a ƙofa, ya ce ba mai taɓa mace sai ya wanke hannu a ciki. A watan Afrilu mace-macen sun kai wajen 18 cikin ɗari. Bayan an fara wanke hannu suka sauko ƙasa da 3 cikin ɗari.

Abin da ya sa na kawo wannan shi ne, bayaninsa bai cika ba. Bai san ƙwayoyin cuta yadda muka san su ba, ɓurɓushin gawa yake cewa. Manyan likitoci da yawa suka ƙi shi, domin maganarsa ba ta shiga tsarin da suka koya ba, ya mutu a gidan masu taɓin hankali a 1865. Wa ya fi kusa da gaskiya, mai cikakken bayani da gawarwaki a gabansa, ko mai guntun bayani da matan da suka koma gida da jariransu? Ni a wajena da likitocin nan sun tambayi kansu me ra'ayinsu yake haifarwa a ɗakin haihuwa, da an tsirar da rayuka masu yawa. Wannan tambayar ita ce abin da nake girmamawa a wajen su James.

Malam Idi: Dakta, Allah ya saka da alheri, labarin ya taɓa ni. Amma ki duba: wanke hannu ya yi aiki ne saboda da gaske akwai wani abu a hannun ɗaliban da yake kashe matan. Kasancewarsa gaskiya ce ta sa ya yi aiki. Aikin alama ce, ba shi ne gaskiyar ba. Zafin jiki yana nuna cuta, amma ba shi ne cutar ba, ke kin fi ni sani.

Dakta Halima: Haka ne Malam. To amma in an cire duk alamomin, ta ina za ka kai ga cutar?

Malam Lawal: Dakta ta sa yatsa a kan gaɓar. Su James ma ba su musa cewa gaskiya dacewa ce da haƙiƙa ba, James ya faɗi haka ƙarara. Tambayarsu ita ce, wannan dacewar ta yaya ake gane ta? Ba wanda zai iya fita daga cikin kansa ya tsaya a gefe, ya riƙe tunaninsa a hannun dama da duniya a hannun hagu, ya gwada su. Abin da muke da shi kawai shi ne mu yi aiki da tunanin mu ga ko duniya za ta bar mu mu wuce ko za ta tare mu. Dewey ya fi kowa tsayawa a nan. A 1929 ya soki ɗaukar mai sani tamkar ɗan kallo da ke zaune yana hangen duniya daga nesa. A wajensa sani yana farawa ne lokacin da abu ya cije, mutum ya rasa yadda zai yi, ya yi hasashe, ya gwada, ya ga sakamako. A littafinsa na 1938 ya ma fi son ya yi maganar abin da bincike ya ba mutum hujjar faɗa, maimakon ya yi ta ambaton gaskiya. Shi ya sa a makarantar gwaji da ya buɗe a Chicago a 1896 yara da hannunsu suke koyo, ba da hadda kaɗai ba.

Abu Hafsat: Ni damuwata daban ce. Na ji an ce James ya ce mutum ya yi imani da Allah tunda imanin yana kwantar da hankali. In haka ne ni ban yarda ba, kuma ba na jin wani mumini na kowane addini zai yarda. Wanda ya yi imani ya yi ne domin ya tabbata haka abin yake, ba domin yana samun barci ba.

Malam Lawal: Abu Hafsat, Bertrand Russell, masanin falsafa na Birtaniya, wanda shi ba mai addini ba ne, irin wannan sukar ya yi masa. Ya ce mai imani so yake abin ya kasance akwai shi da gaske, ba a ce masa yarda da shi tana da amfani ba. Ya ƙara da wata mai ƙarfi: sau da yawa gano ko abu ya faru ya fi sauƙi a kan gano ko yarda da shi tana da amfani. Kuma in ka ce tana da amfani, wannan maganar ita ma sai an tambaya ko gaskiya ce, ka ga an koma gidan jiya.

Sai dai abin da James ya faɗa a laccarsa ta 1896 ya fi haka ƙunci. Martani yake yi wa William Clifford, masanin lissafi na Ingila, wanda a 1877 ya ba da misalin mai jirgin ruwa. Jirgin ya tsufa, mai shi yana da shakka, amma ya lallashi kansa cewa lafiya lau ne, bai sa an duba ba, ya cika shi da fasinjoji, jirgin ya nutse. Clifford ya ce ko da jirgin ya isa lafiya mutumin mai laifi ne, domin ba shi da haƙƙin yarda ba tare da hujja ba. James bai kare mai jirgin ba. Cewa ya yi akwai tambayoyin da hujja ba ta iya yanke su, kuma ba damar jira, domin ƙin zaɓa ma zaɓi ne. Akwai ma inda yardar ce take kawo abin. Ya kawo misalin jirgin ƙasa cike da mutane da 'yan fashi ƙalilan suke yi wa ƙwace: kowane fasinja yana tsoron in ya tashi ba mai mara masa baya. Da kowa ya yarda sauran za su tashi, da sun tashi, da fashin bai yiwu ba.

Abu Hafsat: Na gane, na gode Malam. Wannan ya yi daidai a kan amana tsakanin mutane. Amma samuwar Mahalicci ba ta jiran yardata.

Malam Lawal: Ni ma a nan nake ganin James ya miƙa misalin fiye da inda zai kai.

Zainab: Bari in koma kan Peirce, domin akwai abin da bai kwanta mini ba. In gaskiya ita ce inda bincike zai ƙare, yaya abubuwan da suka wuce ba su bar sawu ba? Akwai adadin tsuntsayen da suka tashi a duniya a wata rana shekara dubu da suka wuce. Lamba ce takamaimiya, amma ba mai gano ta har abada. Ba gaskiya ba ce ke nan?

Malam Lawal: Ya hango wannan tambayar tun a 1878, kuma amsarsa ita ce kada mu yi saurin cewa har abada. A 1835 Auguste Comte, babban masanin Faransa, ya ce ɗan Adam ba zai taɓa sanin sinadaran da ke cikin taurari ba. Wajen 1859 Kirchhoff da Bunsen a Jamus suka nuna cewa in aka rarraba haske zuwa launukansa, kowane sinadari yana da layukansa da ake gane shi da su. A 1868 aka hango alamar wani sinadari, hiliyam, a hasken rana, ba a same shi a ƙasa ba sai a 1895. Amma ban ce wannan ya amsa tambayarki gaba ɗaya ba. Tsuntsayenki sun fi taurari wuya, domin tauraro yana nan yana aiko da haske. Daga baya Peirce ya gyara maganar zuwa abin da bincike zai kai gare shi da a ce an bi shi yadda ya kamata, ko da ba a bi ba. Ya kuma ce cewa kowace tambaya tana da amsar da za a iya kaiwa gare ta fata ce da mai bincike ba ya iya aiki sai da ita.

Injiniya Bello: Akwai wani na baya-bayan nan, Richard Rorty, da na ga ana cewa ya kai abin har ga cewa ba wata gaskiya sai abin da jama'a suka amince da shi. Wannan fa?

Malam Lawal: Littafinsa na 1979 ya yaƙi ɗaukar hankali a matsayin madubin da yake ɗauko hoton duniya, ya kuma karkata ga cewa hujja abu ne da ake kafawa tsakanin mutane. Masu bin Peirce da yawa ba sa tare da shi, ni ma haka. An yi zamanin da manyan ƙasashe da malamansu da kotunansu suka amince cewa wasu mutane dukiya ne da ake saye da sayarwa. Amincewar ba ta mayar da shi daidai ba. Peirce ya yi maganar wannan a 1877, inda ya jera hanyoyin da mutane suke kashe shakka: wani ya toshe kunne ya nace a kan abin da ya saba, wani hukuma ce take zaɓa masa, wani ya bi abin da ya kwanta masa a hankali. Duka ukun ya ce ba sa ɗorewa, domin ba abin da yake gyara su in sun kauce. Ta huɗun, hanyar gwaji, ita kaɗai ce ta miƙa wuya ga abin da ba ya jin lallashi ko barazana.

Malam Idi: To Malam Lawal, in Peirce ya yarda akwai haƙiƙar da ba ruwanta da ra'ayina ko naka, kuma ita take jan masu bincike, ai ya dawo gidana. Ni na ce abu gaskiya ne shi ya sa bincike zai kai gare shi. Shi ya ce bincike zai kai gare shi shi ya sa ake kiransa gaskiya. Da ma'auninsa na daimon nake tambaya: me zai bambanta a aikace tsakanin maganata da tasa?

Malam Lawal: A ɗakin haihuwa na Vienna ba abin da zai bambanta, ku biyun za ku sa a wanke hannu. Bambancin yana fitowa ne a wuri ɗaya. A wajenka mai yiwuwa ne a gama duk binciken da za a iya yi, kowane gwaji ya yi daidai, ba sauran abin da ya cije, amma duk da haka a ce ra'ayin kuskure ne ta wata fuskar da ba mai iya ganowa. Peirce zai ce wannan shakkar ta takarda ce, kamar yadda tun a 1868 ya soki shakkar Descartes, masanin falsafa na Faransa da ya ce a fara da shakkar komai, domin ba ta hana kowa yin komai, ba ta kuma sa kowa yin komai.

Malam Idi: E, na yarda mai yiwuwa ne, kuma ina nan a kai. Hankalin ɗan Adam yana da iyaka, ba dole ba ne duk abin da yake akwai ya zama mai shiga awonmu. Tsuntsayen Zainab sun tashi, adadinsu yana nan, ko an ƙirga ko ba a ƙirga ba.